Mai Feshi da Kayan Tsaron Jikinsa

Idan watan Agusta ya yi nisa, wake ya soma fure, duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Sandamu da hantsi ba ya rasa ganin samari a gonaki, kowa goye da famfon feshi. Da yawansu 'yan ƙodago ne, a na biyansu gwargwadon yawan famfon da suka fesa. Abin da ba a cika gani a jikinsu ba shi ne kayan tsaro. Wani daga shi sai singileti da silifas.

To, abin da ya kamata kowane manomi ya sani shi ne, maganin ƙwari guba ne, ba sai an sha shi ya ke yin illa ba. Yawancin abin da ke shiga jikin mai feshi ta fata ya ke bi, balle in a na rana, gumi na zuba. Famfon da ke ɗiga kuwa sai ya jiƙa bayan riga, mutum ya wuni da guba manne a jikinsa. Lokacin da ya fi kowane haɗari shi ne sa'ad da a ke tsiyaya maganin daga kwalba, domin a sannan ba a sirka shi da ruwa ba tukuna.

Kayan tsaron ba su da yawa: riga mai dogon hannu, da dogon wando, da dogon takalmin roba, da safar hannu ta roba, da tabarau mai rufe gefen ido, da takunkumin hanci, da hula. A saki ƙafar wando bisa takalmin, kada a cusa ta ciki, don kada maganin ya gangara ƙafa. Safar fata ko ta ƙyalle ba ta da amfani, shanye maganin ta ke yi ta riƙe. Haka kuma ƙyallen da a ke ɗaurawa a hanci, da zarar ya jiƙe ya zama shi ne cutar.

Har wa yau a duba takardar da ke jikin kwalba. A ƙasanta akwai zane mai launi. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, kana kore. Akwai kuma ƙananan hotuna masu nuna kayan da za a sa, watau ko wanda bai yi karatu ba ya na iya ganewa. Kwalbar da ba ta da lambar hukumar NAFDAC a bar wa mai ita. Hukumar nan ce ta hana Gamalin a 2008, a 2019 kuma ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwa.

Wa ya kamata ya sayi kayan? Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Nijeriya ta karɓa a 1994, ta ɗora nauyin a kan wanda ya ɗauki ma'aikaci, ba tare da an cire ko kwabo daga ladan ma'aikacin ba. Ashe ke nan mai gonar da ya kira ɗan maƙwabcinsa feshi, ya ba shi kwalba kaɗai, bai sauke hakkinsa ba. Kaya ɗaya ma ya ishi manoma uku ko huɗu su yi karo-karo su saya.

A yi feshi da sassafe ko da yamma, a ba iska baya. Ba cin goro, ba shan taba, ba hura bakin famfo da baki in ya toshe. In an gama a yi wanka da sabulu, a wanke kayan dabam da na iyali. Kwalbar kuwa a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan cikin famfo, a huda ta, don kada yara su mai da ita ta shan ruwa.

In mai feshi ya ji jiri, ko ciwon kai, ko amai, ko yawu na dalala, a cire masa kayan nan da nan, a wanke shi, a garzaya da shi asibitin Sandamu ko babban asibitin Daura, tare da kwalbar, don likita ya san irin gubar. Kada a ba shi nono ko manja, ba sa kashe guba, ɓata lokaci ne kawai.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.