Kwalliyar fuska da kula da fata a yankin Kura da Bunkure

Fandeshin mai daɗewa wani nau'in kayan kwalliya ne da ake shafawa a fuska domin daidaita launin fata da rufe tabo, kuma ana haɗa shi yadda zai jure gumi da maiƙo na tsawon sa'o'i. Sabulun fuska mai sauƙi kuwa shi ne wanda yake cire datti da kwalliya ba tare da ya kwashe maiƙon da ke kare fata ba. Masana fata suna duba su a tare, domin duk fandeshin da ya daɗe a fuska yana da wuyar fita, kuma a wajen cire shi ne fata mai saurin ɓaci ta fi samun rauni. A yankin noman rani na Kura da Bunkure a Jihar Kano, zafin bazara da ƙurar hunturu da ayyukan gona da yawan wanke fuska suna ƙara wa wannan batu muhimmanci.

Yankin da yanayinsa

Kura da Bunkure ƙananan hukumomi ne a kudancin birnin Kano. Su da Garun Malam ne suke ɗauke da mafi yawan filayen Shirin Noman Rani na Kogin Kano, wanda yake samun ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin mulkin Gwamna Audu Bako. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce take kula da manyan kanal-kanal ɗin. Ana noma shinkafa da alkama da tumatir da albasa da masara, kuma aiki ba ya tsayawa rani da damina.

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busar da fata har ta yi furu-furu, leɓɓa su tsage. A watannin Maris zuwa Mayu zafi yakan kai kusan digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, lokacin da gumi da ƙurajen zafi suke yawa. Da damina kuma laima tana ƙara maiƙon fuska. Mata da yawa a yankin suna sana'ar turara shinkafa da shanya ta da sheƙa, wasu suna tsinkar tumatir ko yanka shi domin yin kauɗa. Waɗannan ayyuka suna haɗa fuska da tururi da hayaƙin itace da ƙurar ɓuntu da rana mai ƙarfi. Saboda haka abin da ya karɓi fata da hunturu ba lalle ne ya karɓe ta da bazara ba.

Fata mai saurin ɓaci

Ana cewa fata tana da saurin ɓaci idan tana yin raɗaɗi ko ƙaiƙayi ko ɗaurewa ko ɓarewa bayan an shafa mata abin da ba ya damun yawancin mutane. A maganar yau da kullum akan ce “man bai karɓe ta ba”. Saman fata yana da wani siririn shinge na matattun ƙwayoyin halitta da maiƙo, wanda yake riƙe danshi yana hana abubuwa masu cutarwa shiga. Idan shingen ya raunana, ruwa yana saurin fita daga fata, sinadarai kuma suna saurin shiga.

Likitoci sun raba ɓacin fata da kayan shafa suke jawowa gida biyu. Na farko shi ne wanda abin da aka shafa yake cin fata kai tsaye, kamar sabulu mai ƙarfi, kuma yakan bayyana da wuri. Na biyu shi ne wanda garkuwar jiki take ƙin wani sinadari, kuma yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ya fito, wani lokaci bayan an daɗe ana amfani da kayan lafiya lau. Turaren da ake zubawa a kayan shafa da sinadaran da ke hana su lalacewa suna cikin manyan masu jawo nau'i na biyu.

A baƙar fata ba a cika ganin jan da ake gani a farar fata ba. Wurin yakan yi duhu ne ko toka-toka, kuma bayan ya warke yakan bar baƙin tabo da zai iya ɗaukar watanni kafin ya dusashe. Wannan tabo ne yake sa a ƙara kaurin fandeshin domin a rufe shi, kaurin kuma ya sa a ƙara dirza wajen wankewa, sai matsalar ta yi ta maimaituwa.

Tarihi

Tun kafin zuwan kayan kanti, matan Hausawa suna kwalliya da lalle da kwalli da man kaɗe da man shanu, daga baya dilka da halawa suka yaɗu ta hanyar hulɗa da mutanen Borno da Sudan. Garin Kura kansa ya shahara da rini da bugun turkuɗi da rawanin da ake kira ɗan Kura, wanda shuninsa yake zuba a fatar mai sanye da shi.

Fandeshin na zamani ya samo asali ne daga masana'antar fim ta Amurka. A 1914 Max Factor ya haɗa wani man fuska mai laushi domin 'yan wasan fim, kuma a 1937 kamfaninsa ya samar da Pan-Cake domin fina-finai masu launi. Nau'o'in da ke daɗewa sun yaɗu ne a shekarun 1990, kamar Double Wear na kamfanin Estée Lauder da ya fito a 1997. An daɗe ana ƙorafin ƙarancin launukan da suka dace da baƙar fata. A Najeriya, Tara Fela-Durotoye ta kafa House of Tara a Legas a 1998, sannan a 2017 mawaƙiya Rihanna ta fitar da Fenty Beauty da launuka 40, abin da ya sa wasu kamfanoni suka faɗaɗa nasu.

Ta ɓangaren wanke fuska, an fara haɗa Cetaphil a Jihar Texas a 1947, Dove kuma ya shiga kasuwar Amurka a 1957. Dukansu sun dogara ne da sinadaran wanki da aka haɗa a masana'anta, waɗanda ba su kai sabulun asali kaifi ba.

Yadda fandeshin yake zama a fuska

Launin fandeshin yana fitowa ne daga garin sinadaran ƙarfe masu launin ja da rawaya da baƙi, haɗe da farin garin titaniyom. A nau'in da ke daɗewa, ana narka waɗannan a cikin wani ruwa mai saurin bushewa, galibi na silikon. Da zarar an shafa, ruwan yana tashi ya bar wani siririn rufi mai kamar danƙo, wanda yake manne launin a fata. Ruwa da gumi ba sa narkar da wannan rufi, amma mai yana narkar da shi.

Sinadaran ƙarfen suna da wani amfani: suna tare wani ɓangare na hasken rana da ido ke gani, wanda bincike ya nuna yana ƙara duhun tabo a baƙar fata. Sai dai fandeshin ba ya maye gurbin man kariya daga rana, domin ba a shafa shi da yawan da zai ba da cikakkiyar kariya. Likitocin fata suna ba da shawarar man da ke da lambar SPF 30 ko fiye, tare da malafa ko inuwa ga mai aiki a fili.

Sabulun fuska mai sauƙi

Ana auna tsami ko kaifin abu da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14. Lafiyayyar fata tana tsakanin 4.5 da 5.5, wato tana da ɗan tsami. Sabulun wanka na asali yana kai 9 zuwa 10, sabulun wanki kuma yakan wuce haka. Sabulun salo, wanda ake yi da ruwan toka da mai, shi ma yana ɓangaren masu kaifi, ko da yake ƙarfinsa ya danganta da wanda ya haɗa shi. Sabulun fuska mai sauƙi yakan kasance kusa da ma'aunin fata, ba ya yawan kumfa, kuma ba shi da turare ko ƙwayoyin dirza. Alamar da ake gane shi da ita ita ce fuska ba ta ɗaurewa ko yin raɗaɗi bayan an wanke.

Gwaji kafin amfani

Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta ba da shawarar a gwada sabon kayan shafa a ɗan ƙaramin wuri, kamar cikin gwiwar hannu, sau biyu a rana har kwana 7 zuwa 10. Fandeshin ana barin sa a wurin gwargwadon lokacin da zai yi a fuska, sabulu kuma ana barin sa kamar minti biyar sannan a wanke. Idan wurin ya kumbura ko ya yi ƙaiƙayi ko ƙuraje, ana daina amfani da shi.

Ana gwada abu ɗaya ne a lokaci guda, domin idan aka fara sabon sabulu da sabon fandeshin rana ɗaya ba za a san wanda ya jawo ɓacin ba. An fi so a fara da sabulu, sai fata ta natsu a kansa sannan a kawo fandeshin. Launi kuma ana gwada shi a gefen haɓa cikin hasken rana, a jira ɗan lokaci, saboda wasu nau'o'in suna ƙara duhu bayan sun haɗu da iska da maiƙon fuska. Wannan tsari ya fi shafar amare da ƙawayensu, waɗanda akan yi wa dilka da halawa da kwalliyar shago duk a mako ɗaya. Fatar da aka dirza ba ta jure sabon sinadari, don haka gwajin yana bukatar a fara shi makonni kafin biki.

Cire kwalliya da alwala

Ana cire fandeshin mai daɗewa ne a mataki biyu. Da farko ana murza ɗan mai ko ruwan goge kwalliya a busasshiyar fuska har rufin ya narke, sannan a wanke da sabulu mai sauƙi da ruwa mai ɗumi kaɗan. Ana amfani da yatsu ne ba soso ba, a tsane fuska da tsabtataccen ƙyalle ba tare da gogewa ba, a shafa mai tun tana da danshi. Wanke fuska da sabulu sau biyu a rana ya wadatar, sai kuma bayan gumi mai yawa.

Mafi yawan mazauna yankin Musulmi ne, kuma malaman fiƙihu sun yi bayanin cewa duk abin da ke hana ruwa taɓa fata dole a cire shi kafin alwala. Fandeshin da ruwa ba ya ratsawa yana shiga wannan hukunci, saboda haka mai amfani da shi kullum tana iya cire shi sau da yawa a yini. Wannan ya sa mata da yawa suke ajiye shi domin biki da suna da sallah, su yi amfani da hoda mara nauyi a sauran ranaku. Ita alwala da ruwa kawai ake yin ta, ba ta bukatar sabulu.

Ga masu aiki a gona, ana wanke hannu kafin a taɓa fuska, musamman bayan ɗaukar taki ko amfanin gonar da aka yi wa feshi. Ruwan kanal bai dace da wanke fuska ba, domin yana iya ɗauke da ragowar maganin feshi da ƙwayoyin cutar tsargiya.

Haɗe-haɗen gida

Man kaɗe da basilin marasa turare suna taimaka wa busasshiyar fata da hunturu, amma mai kauri yana iya ƙara ƙuraje a fuska mai maiƙo. Lemun tsami yana ƙona fata idan aka shafa aka shiga rana, kuma yana barin tabo. Kanwa da toka suna da kaifin da ke raunana shingen fata. Baƙin lalle na kanti yakan ƙunshi sinadarin PPD na rinin gashi, wanda yake jawo kumburi da ƙuraje masu ruwa ga wasu mutane.

Jabun kaya da doka

Kayan kwalliyar da ake sayarwa a shagunan yankin galibi daga kasuwannin birnin Kano ake saro su, kamar kasuwar Sabon Gari. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce take yi wa kayan shafa rajista a Najeriya, kuma ana duba lambarta da ranar lalacewa a jikin kwalba. Hoton buɗaɗɗen gwangwani mai rubutu kamar 12M yana nufin a yi amfani da kayan cikin wata 12 bayan buɗewa. Zafi yana saurin lalata fandeshin, kuma idan ya rabu gida biyu ko warinsa ya canza, ya tashi daga aiki. Buroshi da soson kwalliya suna bukatar wanki duk mako, musamman a shagunan da ake yi wa mutane da yawa kwalliya da kaya ɗaya.

Babban haɗari shi ne sabulai da mayukan da ake haɗawa ba lakabi da sunan gyaran fata, waɗanda akan zuba wa sinadaran bilicin kamar haidrokwinon da makuri da magungunan sitiroyid. Sitiroyid yana sirantar da fata ya sa ta kasa jure rana da kayan shafa, makuri kuma yana cutar da ƙoda da jijiyoyi. A 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana yawaitar bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar.

Neman magani

Idan fuska ta ɓaci, ana dakatar da duk kayan kwalliya, a tsaya kan ruwa da mai mara turare har ta lafa. Ana zuwa asibiti idan ɓacin ya wuce mako biyu, ko ya yi ruwa ko mugunya, ko ya taɓa ido. Kumburin leɓɓa ko harshe tare da wahalar numfashi yana bukatar kulawar gaggawa. Wasu cututtuka kamar makero da kyasbi suna kama da ɓacin kayan shafa, amma maganinsu daban ne, kuma man sitiroyid da ake saya a kemis ba da izinin likita ba yana ƙara yaɗa su. Mazauna yankin suna fara zuwa cibiyoyin lafiya na kusa da Babban Asibitin Kura, daga nan a tura masu bukatar ƙwararren likitan fata zuwa manyan asibitocin birnin Kano kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.