Hayaƙi da Ƙura a Cikin Mota da Ɗaki: Hattara ga Mai Juna Biyu

Da zarar hunturu ya kama, daga wajen Nuwamba har zuwa Fabrairu ko Maris, matan da ke zuwa awo sukan yawaita kukan tari da mura da ƙaiƙayin maƙogwaro. Akasari hazo ake ɗora wa laifi, kuma da gaskiya a ciki, domin ƙurar nan daga Sahara iska ke kwaso ta, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. To amma don gudun ƙura da sanyi sai a rufe ƙofa da taga ruf, a ɗage gilasan mota, sannan a kunna abin da ke hayaƙi a ciki. An tare ƙurar waje, ke kuma an kulle ki da hayaƙin ciki.

Mai ciki ta fi kowa shaƙa. Yawan iskar da kike ja a minti ɗaya yakan ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100, saboda numfashin mutum biyu kike yi. Abubuwa biyu ne ke cutarwa a cikin hayaƙi, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne ƙananan ɓurɓushi da masana ke kira PM2.5, waɗanda silin gashi ya ninka su kauri kusan sau 30. Gashin hanci ba ya tare su, suna wucewa har ƙurewar huhu, wasu ma su shiga jini. Bincike ya danganta yawan shaƙarsu da haihuwar jariri mara nauyi da haihuwar bakwaini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000.

Na biyu iskar guba ce mai suna kabon monoksaid, wadda gawayi da itace da janareta da salansar mota ke fitarwa. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana manne wa jini fiye da iskar oksijin sau 200 da ɗoriya, kuma jinin ɗan da ke cikinki ya fi naki riƙe ta, ya fi naki jinkirin sakin ta. Ki riƙe wannan da kyau: filta tana kama ɓurɓushi, amma wannan iskar tana ratsa ta kamar ruwa a rariya.

A cikin mota

Maigida, wannan ɓangaren naka ne. Yawancin motocin zamani suna da filta ta musamman mai tace iskar da ke shigowa wurin zaman mutane, daban take da filtar inji. A motoci da yawa tana bayan ɗan akwatin nan da ke gaban kujerar mai zaman gaba, kuma ciro ta ba ya ɗaukar minti goma. Kamfanonin ƙera motoci sukan ce a sake ta sau ɗaya a shekara ko bayan tafiyar kilomita 15,000 zuwa 20,000, amma a ƙasar ƙura irin tamu gara a duba ta farkon hunturu da ƙarshensa. Idan motar ta hannu ce ka saya, ka duba tun yau. Wani lokaci za ka tarar filtar ta yi baƙi ƙirin, wani lokaci kuma babu ita sam, an cire ta don na'urar sanyaya mota ta ƙara ƙarfi. Kakkaɓe tsohuwa ko hura mata iska ba ya mayar da ita sabuwa.

Akwai kuma maɓallin nan mai hoton mota da lanƙwasasshiyar kibiya a ciki. Idan ka danna shi, motar takan daina jawo iskar waje, ta riƙa juya ta ciki tana sake tace ta. A cikin cunkoso, ko bayan tirela mai tuƙa hayaƙi, ko a kan hanyar burji, ka ɗage gilas ka danna shi. Da kun fita sarari ka kashe shi na ɗan lokaci, domin numfashin fasinjoji yana taruwa, yana kawo ciwon kai, yana sa direba gyangyaɗi.

Wadda kuwa a-daidaita-sahu ko bas ke kawo ta asibiti, ba ta da iko da filta. Takunkumi mai lamba N95 ko KN95, idan ya zauna daram a fuska, yana rage ɓurɓushi sosai. Rufe hanci da gefen mayafi manyan ƙura kawai yake tarewa. Motar hayar da aka loda wa kaya har but ya ƙi rufuwa aka ɗaure da igiya, ki guji kujerar bayanta, saboda hayaƙin salansa yana juyowa ya shiga ta nan. Kada kuma a bar ki zaune ko kwance cikin mota a gareji inji yana aiki, ko da ƙofar garejin a buɗe take.

A cikin ɗaki

A Amurka da Kanada akwai masu zama cikin manyan motoci masu gado da wurin girki. Idan gobarar daji ta turnuƙe gari da hayaƙi, kamar yadda ta faru a Kanada a 2023, sukan toshe kafofi su kunna na'urar tace iska mai alamar HEPA, amma kuma sukan liƙa wata 'yar na'ura mai ƙara idan iskar guba ta taru. Ɗakin da ake girki a kwana a cikinsa bai da bambanci da irin wannan mota. Mai hali ya sayi na'urar tacewa, tana da amfani, sai dai tana bukatar wuta. A ganina, abin da ya fi ta amfani kyauta ne: a fitar da mai yin hayaƙin waje.

Kaskon gawayi na jin ɗumi kada ya kwana a ɗaki, ko da garwashin ya daina hayaƙi, don a lokacin ma yana fitar da guba. Janareta a ajiye shi a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, ba a zaure ko soro ba, ba kuma ƙarƙashin bene ba. Na san tsoron ɓarayi ke sa a shigo da shi, to a sa masa sarƙa da kwaɗo a waje. Maganin sauro na kunnawa ki maye gurbinsa da gidan sauro mai magani. Turaren wuta kuwa ba zan ce ki bari ba, na san ba za a ji ba. Ki turara ɗakin ba kya ciki, taga a buɗe, sai hayaƙin ya washe ki dawo. Kafin shara a yayyafa ruwa, kayan ɗaki a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Iyayenmu masu kula da mai jego, muna roƙonku da girmamawa: ruwan wanka a dafa shi a tsakar gida nesa da ɗaki, kuma kada a tsaya gaban murhu da jariri a goye. Jariri yana numfashi sau 40 zuwa 60 a minti ɗaya, huhunsa bai gama ƙwari ba. Idan sanyi ake ji masa, a sa masa hula da safa, uwa ta rungume shi fata da fata.

Alamomin shaƙar iskar guba suna kama da laulayi, shi ya sa ake sakaci da su: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Abin lura shi ne idan mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka ji su lokaci guda, ko kuma suka lafa da kin fita waje. In haka ta faru, kowa ya fita sarari nan take, a buɗe ƙofofi, a kashe abin da ke ci. Sannan a kawo ki sashen gaggawa ko ɗakin haihuwa ko da kin ji sauƙi, domin ɗan cikinki yana iya kasancewa da sauran guba a jininsa bayan naki ya washe. Ki gaya wa ma'aikaciyar da ta karɓe ki abin da aka kunna, da tsawon lokacin da kika yi a wurin, da kuma lokacin da kika ji motsin ciki na ƙarshe.