Saƙar mayafi da hannu: sana'ar da ta kamata ta dawo ɗakunanmu

Idan watan Disamba ya kama a Garwa, abubuwa biyu kan zo tare. Iskar hunturu takan sauko da hazo ta lulluɓe kogin Binuwai, har mutumin da ya saba da zafin Afrilu ya nemi abin rufa da asuba. A lokacin ne kuma manyan motoci ke shigowa gari maƙare da audugar da manoma suka tsinta. Abin mamaki shi ne, ƙasar da ke noma wannan auduga, 'ya'yanta sukan jira dilar gwanjo kafin su samu mayafin sanyi.

A da ba haka abin yake ba. Kakanninmu mata su ne ke gurzar auduga, su yi shiɓa, su kaɗa zare da mazari, sannan su miƙa wa masaƙa. Siraran ƙyallen da Fulani ke kira leppi ya yi daraja a ƙasar Adamawa har ana ciniki da shi a madadin kuɗi. Daga baya masana'antu suka karɓi aikin: an kafa CICAM a 1965, aka kafa SODECOTON a 1974 da hedkwatarsa a nan Garwa. Yau mafi yawan audugarmu ƙasashen waje ake kai ta, mazari kuwa ya yi ƙaranci a gidaje.

Duk da haka zare bai bar hannun mata ba. Saƙa da kwarashi ko da tsinke biyu ita ce ta gaji kaɗi, kuma mayafin wuya shi ne mafi sauƙin abin da mai koyo za ta fara da shi, domin ba shi da hannu, ba shi da wuyan riga: layi ne a kan layi. Faɗin taƙi guda da tsawon mita ɗaya da rabi ya wadaci babba. Kyansa kuwa yana ga launi. Gwanaye sukan zaɓi kala biyu ko uku da suka dace da juna, su riƙa canja zare a ƙarshen layi don kada mahaɗar ta fito a tsakiya. Hannu ya zama daidai, kada a matse nan a saki can, in ba haka ba gefen zai karkace. Wadda ta yi kuskure ta warware ta sake, sannu ba ta hana zuwa.

Akwai gargaɗi ga iyaye. Yawancin abin da ake sayarwa a kasuwa da sunan ulu ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne. Yana da araha da ɗumi, amma idan wuta ta taɓa shi narkewa yake yi ya manne wa fata. Don haka kada a bar yaro ya matsa kusa da murhu ko kaskon wuta da shi a wuyansa. Jariri kuwa ba a naɗa masa mayafi a wuya, hula da safa sun fi masa aminci. Wajen wanki a yi amfani da ruwan sanyi, a shimfiɗa shi a inuwa, domin rataya kan sa ya miƙe ya ɓata siffa.

Amfanin wannan sana'a ya wuce maganin sanyi. Matar da ke cikin gida za ta iya samun na sabulu da na littafin yara ba tare da babban jari ba. Tarihi ya nuna Uwar Muminai Zainab bint Jahsh, Allah Ya yarda da ita, tana aiki da hannunta ta yi sadaka da abin da ta samu. Ga almajirai da marayu da tsofaffi masu kwana cikin sanyi a unguwanninmu, mayafi ɗaya ba ƙaramin abu ba ne a gare su.

Saboda haka muna kira ga iyayenmu mata da suka iya, su zaunar da 'ya'ya da jikoki su koya musu tun kafin hunturu ya shigo. Magidanta kuma su sayo zaren da kwarashin. Allah Ya sanya albarka a abin da hannuwanmu suka aikata, amin.