Jan Ƙafa a Turanci da Zolaya a Hausa

Tun ƙarni na 19 Turawan Ingila suke da wani karin magana, watau “to pull someone's leg”. Idan aka bi kalmominsa ɗaya bayan ɗaya, cewa ya yi a ja ƙafar wani. Amma abin da ake nufi shi ne mutum ya gaya wa abokinsa abin da ba haka yake ba, da niyyar raha, har ya yarda, sa'an nan a yi dariya tare. Alal misali, akawu ya ce wa abokin aikinsa an yi masa canjin wurin aiki, alhali ba a yi ba. Ba a amfani da shi a takardar ofis ko gaban alƙali, sai a hira.

Mai fassara yana da tarko biyu a nan. Na farko, “jan ƙafa” a Hausa nawa ne da jinkiri. Tafintan da ya ce wani jami'i yana jan ƙafa ya ɗora masa laifin sakaci, alhali wasa Baturen yake nufi. Kalmar da ta dace ita ce zolaya. Tsokana takan jawo faɗa, ba'a kuwa tana ɗauke da raini.

Tarko na biyu ya fi zurfi. A ƙasar Hausa zolaya tana da masu ita. A gari kamar Danchadi ta ƙasar Boɗinga, jika yana zolayar kakarsa, taubashi yana zolayar taubashinsa, amma ɗa ba ya zolayar mahaifinsa, balle suruki surukinsa. Haka kuma akwai wasa tsakanin Gobirawa da Yarbawa, da Fulani da Barebari, da Kanawa da Zazzagawa. Masanin al'adu Radcliffe-Brown ya yi rubutu kan irin wannan dangantaka a 1940, kuma a 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwanci na Jamhuriyar Nijar cikin al'adun duniya da ake tattalinsu.

Saboda haka, kafin ɗalibi ko ma'aikaci ya fassara wannan karin magana, wajibi ne ya duba tsakanin waɗanda maganar ta shiga. Idan abokan wasa ne, zolaya ce. Idan ƙarami ne ya yi wa babba, Bahaushe rashin kunya zai kira ta.