Me Ya Sa Ba A Yada Zango A Cikin Kogi Ko Da Ya Ƙafe?



A Amurka da ƙasashen Turai akwai masu wani irin yawon buɗe ido. Sukan ɗauki mota mai ɗaki a ciki, da gado da wurin girki, su tafi bakin kogi can cikin duwatsu su yi kwanaki. Da rana su yi ta hawan dutse a ƙafa, ko su shiga wani ɗan siririn kwalekwale mai cin mutum ɗaya. Na ba kawuna wannan labari, sai ya yi dariya, ya ce su da ke bin shanu zuwa kudu kowane rani sun daɗe suna kwana a bakin kogi, sai dai su ba don nishaɗi ba.

Mu nan Baure ƙasarmu a shimfiɗe take, yashi ne da jigawa. Amma a kudancin Jihar Kano, wajen Riruwai a Ƙaramar Hukumar Doguwa, akwai manyan duwatsu. Daga wancan ɓangaren Kogin Kano yake gangarowa, ya ratsa dajin Falgore, ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga wadda aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Idan ya wuce can sai ya haɗu da Kogin Challawa su zama Kogin Haɗeja.

To, irin wannan kogi na duwatsu yana da wani hali. Idan aka yi ruwan sama a kan dutse, ruwan ba ya nutsewa kamar yadda yashinmu yake shanye shi. Gangarowa yake yi gaba ɗaya, kowace ƙorama ta kwaso nata, su haɗu a kwari guda. Saboda haka mutum yana iya zama a inda ko ɗigo bai sauka ba, sama garau, taurari sun fito, alhali an tafka ruwa a nesa kuma yana kan hanya. Matafiyi ya gaji, ya ga yashin kogi fari tas mai laushi, babu ƙaya babu tsakuwa, sai ya shimfiɗa tabarma a kai. Ruwan kuwa ba ya sallama. Farkon damina ya fi haɗari, domin idon mutane ya saba ganin kogin a bushe.

Kawuna ya ce kafin su sauke kaya sukan duba bishiyoyin gaɓa. Duk inda suka ga yayi da busasshiyar ciyawa sun maƙale a reshe, to bara ruwa ya kai nan, sai su haura tudun da ya fi wurin. Idan kuma ruwan da ke gudu ya fara yin ja, yana kawo kumfa da karare, ko aka ji ƙugi daga sama kamar na babbar mota, babu tsayawa tattara kwanuka.

Wajen tsallakewa, a mashigi ake bi, inda kogin ya yi faɗi ya rage ƙarfi. Mutum ya riƙe sanda, ya fuskanci inda ruwan yake fitowa, ya sassauta ɗaurin kayansa yadda zai iya yar da su. Ruwa mai gudu ko iyakar gwiwa ne yana kayar da babba, balle ni da kai.

Maganar jirgi kuwa, masu wancan ɗan kwalekwale ba sa shiga sai da rigar da ke hana nutsewa. Ni a ganina wannan ne abin da ya kamata mu kwaikaya, ba motar ba. A ƙarshen Nuwamba 2021 wani jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, aka rasa fiye da mutum 20, yawancinsu 'yan Islamiyya ne sa'o'inmu da ƙannenmu, suna kan hanyar zuwa Maulidi. Allah Ya jiƙansu da rahama.