Tiriliyoyin da Ba Sa Isa Asibitin Ƙauye

A watan Fabrairun 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan kasafin naira tiriliyan 54.99, kusan ninki biyu na wanda ya amince da shi a farkon 2024. Mai karanta alƙaluman zai ɗauka arziki ya sauka. Amma darajar naira ta zube tun 2023, kuma sama da tiriliyan 14 daga cikin kasafin biyan bashi aka ware wa.

Matsalar da ta fi damuna ita ce sakin kuɗin. Gwamnatin Buhari ta yi ta alfahari da dawo da kasafi kan tsarin Janairu zuwa Disamba a 2020. Bayan 'yan shekaru sai ga Majalisar Dokoki tana tsawaita wa'adin manyan ayyukan kasafin 2024 har zuwa ƙarshen 2025, aka wayi gari ana gudanar da kasafi biyu a lokaci guda. Albashi bai cika makara ba. Ginin aji da rijiyar burtsatse su ne kullum a ƙarshen layi, 'yan kwangila kuma suna zarya Abuja neman haƙƙinsu.

Alhali buƙatun jama'a sun sauya tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura dubu a 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, an buɗe asusun bashin ɗalibai na NELFUND, amma mafi yawan 'yan Najeriya ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba kuma ɗaliban jami'a ba. Mai jego a ƙauye ta je asibitin sha-ka-tafi, ma'aikaciyar jinya ta yagi takarda ta rubuta mata magani, ta nuna mata kemis ɗin tsallaken titi, don kantar asibitin wayam take. A 2001, a Abuja ɗin nan, shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu. Gwamnatin tarayya har yau ba ta cika ba.

Su ma gwamnoni, da kasonsu na kuɗin tarayya ya ƙaru sosai bayan cire tallafin, ba su da bakin magana. Kuɗin ilimin firamare na nan jibge a hukumar UBEC, saboda wasu jihohi sun ƙi zuba nasu rabin kafin su karɓa.