Croagh Patrick

Croagh Patrick dutse ne da ke gundumar Mayo a yammacin ƙasar Ireland, kusa da garin Westport. Tsayinsa mita 764 ne, kuma ana ɗaukarsa dutse mafi tsarki a ƙasar.

Tarihi

Tun kafin zuwan Kiristanci mutanen yankin suke girmama dutsen. A ƙauyen Boheh da ke gabas da shi akwai wani falalen dutse mai zane-zanen mutanen dā. Wanda ya tsaya a wurin ranar 18 ga Afrilu ko 24 ga Agusta zai ga rana tana faɗuwa kamar tana gangarowa ta gefen dutsen. Wasu masana na ganin da wannan ne manoma ke gane lokacin shuka da na girbi.

Ziyarar ibada

Bisa al'adar Kiristoci, Waliyyi Patrick ya yi azumin kwana arba'in a ƙolin dutsen a shekarar 441. An gina ƙaramin coci a can a 1905. Duk Lahadin ƙarshe ta watan Yuli dubban masu ibada ke hawa dutsen, wasu ba takalmi. Lokacin ya zo daidai da Lughnasa, tsohon bikin girbi na Celtawa.